Idan Tagar Manhajarka Ta Yi Fari Ko Ta Ƙi Haɗuwa Da Saba: Yadda Ake Bin Matsalar Daki-Daki

Tambaya biyu ce ke ta dawo mini daga 'yan'uwa matasa masu rubuta manhajar kwamfuta a nan Legas, musamman waɗanda ke yi wa shaguna manhajar lissafin kaya da fitar da rasit. Ta farko: manhajar tana aiki lafiya lau a laftof ɗina, amma da na ɗora ta a kwamfutar mai shago sai tagar ta yi baƙi ƙirin, ko fari fat, ko ta riƙa ƙyaftawa. Ta biyu: kwamfutar kashiya ta ƙi ganin ta ofis, wato saba, inda rumbun bayanai yake. Na haɗa su wuri guda domin sau da dama cutar ɗaya ce, fuska biyu kawai take nunawa.

Kwanakin baya aka kira ni wani shagon sayar da kayan masarufi da sari a Agege. Na tarar Alhaji mai shagon ya riga ya ware kuɗi zai aiki yaronsa Computer Village da ke Ikeja ya sayo sabon katin hoto, wato na'urar da ke zana abin da ake gani a allo, domin haka aka ba shi shawara. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni rabin awa kafin yaro ya hau mota." Na buɗe manhajar, tagar ta yi fari, na duba agogon hannuna. Daƙiƙa ashirin da 'yan kai, sai ta farfaɗo da kanta. Na rufe na sake buɗewa, lokacin bai canja ba. Katin hoto da ya lalace ba ya kiyaye lokaci haka. Na tambayi yaron kanta ko an canja wani abu a makon, ya ce, "Oga, rauta kaɗai aka canja." A nan matsalar take, kuma ko sisi ba a kashe ba.

Matakan nan na Windows 10 da 11 ne, su ne a yawancin shagunanmu. Ka bi su a jere.

Abin da za ka riƙe a jaka

Filash mai sarari, guntun kebul ɗin Cat6 mai kai biyu, wayarka da isasshiyar data, biro da ɗan littafi, da lambar sirrin mai iko da kwamfutar. Kusan duk kayan binciken da zan ambata suna cikin Windows kyauta. Abin da zai ci kuɗi shi ne data, domin direban katin hoto guda, wato manhajar da ke sarrafa katin, yana kai ɗaruruwan megabait, sai ƙananan abubuwa kamar batirin agogon kwamfuta da man sanyaya firosesa. Farashinsu yana tafiya da dala, don haka idan ka shiga titin Otigba ka taya a shago uku kafin ka zaro kuɗi.

1. Ka adana bayanai, sannan ka tsaya ka kalla

Kafin komai ka kwafi rumbun bayanan shagon zuwa filash. Cinikin mutane da bashin da suke bi yana ciki, amana ce.

Daga nan ka sa mai amfani da kwamfutar ya yi abin da ya saba yi, kai kana kallo. Ka rubuta wane madanni ya danna, daƙiƙa nawa abin ya ɗauka, da kuma ainihin saƙon kuskuren, harafi da harafi. Ka ɗauki hoton allon da waya. Ka tambaya me aka canja kwanan nan: rauta, firinta, allo, sabuntawar Windows, ko an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.

Gargaɗi: kada ka canja abu biyu a lokaci guda. Idan ta gyaru ba za ka san wanne ne magani ba, ranar da ta dawo sai ka sake farawa daga tushe.

2. Ka raba matsalar gida biyu: zane ne ko jira?

Wannan matakin ya fi sauran muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa.

Kowace manhaja mai taga tana da babban zaren aiki guda da ke zana madannai yana amsa linzami. Ka ɗauke shi kamar yaro ɗaya tilo a kanta. Idan ka aike shi sito ya ɗauko kwali, kanta ta zama wayam, mai saye zai yi ta sallama babu amsa. Haka yake idan ka sa wannan zaren ya je neman saba: muddin yana can yana jira, babu mai zana tagar. Idan manhaja ta yi daƙiƙa 5 ba ta amsa ba, Windows zai shafa mata farin hazo ya rubuta Not Responding a samanta. Idan kuma babu amsa daga ɗaya ɓangaren kwata-kwata, Windows yakan yi kusan daƙiƙa 21 yana sake ƙwanƙwasawa kafin ya haƙura. Lokacin da na ƙirga a Agege ke nan.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka zare kebul, ka kashe Wi-Fi, ka buɗe manhajar. Idan farin ya ɓace, saƙon kuskure ya fito nan take, to matsalar hanya ce, ka wuce mataki na 7. Idan tagar tana nan baƙa, ko tana ƙyaftawa, ko manhajar tana mutuwa da zarar ta buɗe, ka ci gaba da na 3. Wata alamar kuma: taga baƙa wadda madannanta ke aiki idan ka danna inda ka san suke, wannan ta zane ce zalla.

3. Ka tambayi Windows abin da ya gani

Danna Win da R, rubuta `dxdiag`, ka shiga shafin Display. Ka duba sunan katin da ranar direban. Idan ka ga Microsoft Basic Display Adapter, babu direba na gaskiya a kwamfutar. Wannan ya yi yawa a laftof ɗin tokumbo da aka yi wa sabon Windows cikin gaggawa aka miƙa wa mai saye. A wannan halin OpenGL, wato hanyar da wasu manhajoji ke bi su yi zane da katin, ba ya wuce siga ta 1.1, duk manhajar da ke buƙatar sama da haka za ta faɗi.

Sai ka buɗe `eventvwr.msc`, ka shiga Windows Logs, sannan Application. Nemi kuskure mai lamba 1000 a daidai lokacin da manhajar ta mutu, ka karanta layin Faulting module name. Idan sunan `nvoglv64.dll` ne, direban NVIDIA ne ya faɗi. Idan `atio6axx.dll` ne, na AMD. Idan ya fara da `ig` ya ƙare da `icd64.dll`, na Intel. Idan kuwa sunan fayil ɗinka ne a wurin, laifin yana cikin abin da ka rubuta. A sashen System, lamba 4101 tana nufin direban ya sume sama da daƙiƙa 2, Windows ya farfaɗo da shi. Shi ne allon ke yin baƙi na ɗan lokaci ya dawo.

Idan allon ya maƙale gaba ɗaya, ka danna Win, Ctrl, Shift da B tare. Za ka ji ƙara, allon ya ƙyafta, direban ya sake tashi ba tare da ka rasa aikin da ke buɗe ba.

4. Ka cire katin hoto daga aikin, ka gani

Manufar ita ce a sa firosesa ta yi zanen da kanta. Idan tagar ta fito tsaf, ka kama mai laifi. Yadda ake yi ya danganta da abin da ka yi rubutun da shi:

A Electron, ka buɗe manhajar da `--disable-gpu`, ko ka sa `app.disableHardwareAcceleration()`. Dole wannan layin ya zo kafin manhajar ta gama shiri, idan ya zo daga baya ba zai yi aiki ba.

A Qt 5, har da PyQt5, ka sa `QT_OPENGL=software`, kuma ka tabbata fayil ɗin `opengl32sw.dll` yana cikin kayan da ka tura. Sau da yawa wajen haɗa manhajar ake barin sa a baya. A Qt Quick kuma `QT_QUICK_BACKEND=software` ne.

A WPF, `RenderOptions.ProcessRenderMode = RenderMode.SoftwareOnly`. A JavaFX, `-Dprism.order=sw`. A Swing, `-Dsun.java2d.d3d=false`.

A ganina, manhajar shago mai tebur da lambobi da madannai ba ta asarar komai idan an bar ta a haka dindindin. Ni yanzu ina sa wannan zaɓin a fayil ɗin saituna na kowace manhaja da na rubuta, don in iya faɗa wa yaron kanta ta waya ya mai da 0 zuwa 1, maimakon in ketare cunkoson Oshodi saboda layi guda.

Gargaɗi: manhajar da ke nuna bidiyo ko zane mai motsi za ta yi nauyi sosai a wannan yanayin. A can gwaji ne kawai, maganin yana mataki na gaba.

5. Direba: sauke sabo tukun, sannan cire tsoho

Idan matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, ka shiga Device Manager, Display adapters, Properties, Driver, ka danna Roll Back Driver. Sau da yawa a nan ake gamawa.

Idan babu wannan, ka duba lambar samfurin laftof ɗin a ƙarƙashinsa, ka sauke direba daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, HP ne ko Dell ko Lenovo. Sai idan babu a can za ka je na Intel, AMD ko NVIDIA. Bayan ya sauka, ka yanke intanet, ka shiga Safe Mode, ka goge tsohon da DDU (Display Driver Uninstaller, manhajar goge direban katin hoto da za ka sauke tun kafin ka yanke intanet), ka sake kunnawa, ka ɗora sabon. Yanke intanet ɗin wajibi ne, in ba haka ba Windows zai riga ka ya mai da wanda ka cire.

Laftof mai katin hoto biyu yana da tasa rigimar. Ka shiga Settings, System, Display, Graphics, ka ƙara manhajarka, ka gwada ta a kan kowane kati.

Gargaɗi: ka guji tarin direbobin nan da ake yawo da su a filash, masu cewa danna ɗaya su gyara komai. Ba ka san abin da ke cikinsu ba, kuma kwamfutar kuɗin mutane ce. Sannan ka san iyakar na'ura. Intel HD 3000, wanda ke cikin Core i5 na zubi na biyu tun 2011, bai wuce OpenGL 3.1 a Windows ba. Idan manhajarka tana neman 3.3, babu direban da zai kai shi can. Ko ka rage abin da kake nema, ko ka faɗa wa mai shago gaskiya.

6. Rubutu dishi-dishi, da zafi

Idan rubutu ya yi dishi-dishi ko madannai sun hau juna, duba Scale a saitin allo. Kai ka gina a 100%, shi kuma allonsa yana 125% ko 150%. Maganin wucin gadi: dannan dama a kan manhajar, Properties, Compatibility, Change high DPI settings, ka gwada zaɓuɓɓukan da ke ƙasa. Magani na dindindin shi ne ka daina kafa wa madannai wuri da lamba, ka bar tsarin shimfiɗa ya jera su.

Idan kuma da safe lafiya lau, sai bayan azahar layuka masu launi su fara bayyana a duk allon, har a wajen manhajarka, ka sa hannu a bakin fanka. Shagunanmu da rufin kwano da ƙura da zafin Legas suna toshe ta. A buɗe a kakkaɓe, a sa sabon man sanyaya, a ɗaga kwamfutar daga kan buhu ko kwali.

7. Hanya: su biyun suna gida ɗaya?

A kowace kwamfuta ka buɗe Command Prompt ka rubuta `ipconfig`. A ƙaramin shago, kashi uku na farkon adireshin su zama iri ɗaya, misali 192.168.0.10 da 192.168.0.25. Idan ɗaya tana 192.168.8 ɗaya tana 192.168.0, to wata tana kan MiFi, wata tana kan rauta, ba za su ga juna ba. Idan adireshin ya fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu adireshi daga rauta ba sam, ka duba kebul da wutar rautar.

Sai ka ƙwanƙwasa ainihin ƙofar da manhajarka ke shiga. A PowerShell na kwamfutar kashiya, da adireshin sabar da lambar ƙofar:

`Test-NetConnection 192.168.0.10 -Port 5432`

Lambar ƙofar ta danganta da irin rumbun bayananka: PostgreSQL yana 5432, MySQL 3306, SQL Server 1433. Ka duba layin TcpTestSucceeded.

Gargaɗi: kada ka yanke hukunci da `ping`. Windows yakan ƙi amsa shi ko da komai lafiya, mutum ya ɓata awa yana neman ciwon da babu.

Lambar kuskuren da manhajarka ta bayar ma tana magana. 10060 na nufin an ƙwanƙwasa shiru, yawanci katangar tsaro ce, wato firewall, ko adireshi ba daidai ba. 10061 na nufin an isa gidan amma babu mai sauraro a wannan ƙofar. 11001 na nufin sunan da ka ba ta ba a san shi ba. Bambancin 10060 da 10061 kaɗai yana rage maka rabin aiki.

8. Sabar tana sauraron waje?

A kwamfutar da rumbun yake, rubuta:

`netstat -ano | findstr :5432`

Idan ka ga 127.0.0.1:5432, sabar da kanta kawai take magana. Abin da kake so shi ne 0.0.0.0:5432 ko adireshin kwamfutar. Wannan shi ne dalilin da ya sa komai ke tafiya a laftof ɗinka, inda manhaja da rumbu suke ɗaki ɗaya.

A PostgreSQL ka gyara `listen_addresses` a `postgresql.conf`, sannan ka ƙara layi a `pg_hba.conf` da ke ba adireshin shagon kaɗai izini, kamar 192.168.0.0/24 da scram-sha-256, wato sai da lambar sirri. A MySQL ka duba `bind-address`, kuma ka tuna mai amfani da aka yi wa rajista a localhost ba zai shigo daga wata kwamfuta ba, sai an buɗe masa na 192.168.0.%. SQL Server Express kuwa yana zuwa da TCP/IP a kashe. Ka kunna shi a SQL Server Configuration Manager, ka kafa masa ƙofa tsayayya. Kowanne ka taɓa, ka sake kunna shi a `services.msc`.

Gargaɗi: kada ka rubuta 0.0.0.0/0 da trust, wato kowa daga ko'ina ya shigo babu lambar sirri, don ka huta. Ka bar ƙofar sito a buɗe ke nan, babu ko mai gadi. Kuma kada manhajar kanta ta shiga da asusun mai cikakken iko, wato `root` a MySQL, `sa` a SQL Server ko `postgres` a PostgreSQL. Ka yi mata nata, mai iko daidai aikinta.

9. Katangar tsaro

Windows yana kallon kowace hanya a matsayin Private ko Public, kuma kowace da dokokinta. Sabuwar rauta sabuwar hanya ce a wurinsa, yakan ajiye ta a Public. Abin da ya faru a shagon Alhaji ke nan: dokar da aka rubuta tun farko ta Private ce, da aka canja rauta sai ta daina aiki. Rubuta `Get-NetConnectionProfile` ka duba NetworkCategory. Idan Public ne, ka canja shi a Settings, Network & internet, Properties.

Sai ka buɗe `wf.msc`, Inbound Rules, ka nemi sunan manhajarka ko sabarka mai jan alama. Ranar da aka fara buɗe saba, Windows yakan fito da taga yana neman izini. Idan wani ya danna Cancel, sai a rubuta dokar hani a ɓoye, kuma a Windows dokar hani tana rinjayar ta izini ko da ka rubuta goma. Ka goge ta tukun. Masu Python su duba `python.exe` musamman.

Daga nan ka buɗe PowerShell da ikon mai gida, wato Run as administrator, ka rubuta doka ɗaya matsattsiya:

`New-NetFirewallRule -DisplayName "Rumbun Shago" -Direction Inbound -Protocol TCP -LocalPort 5432 -RemoteAddress LocalSubnet -Profile Private -Action Allow`

Ƙofa ɗaya, ga 'yan gida kaɗai. Idan akwai wata manhajar kashe ƙwayoyin cuta mai tata katangar, ita ke riƙe da ragama, a cikinta za ka yi wannan dokar.

Gargaɗi, kuma a nan ina roƙonku: kada ku kashe katangar ku tafi gida. Na sha tarar da kwamfutar kashiya a haka, an kashe tun shekarun baya don a huta da ƙorafi, ga Wi-Fi ɗin shagon a wayar kowa har masu dako. Idan gwaji ne, kashe ta na minti ɗaya, ka gwada, ka mai da ita kafin ka tashi daga kujera. Windows 10 ma Microsoft ta daina ba shi tallafi na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, don haka irin wannan kwamfutar ta fi kowacce buƙatar katanga.

10. Rauta da MiFi

Idan duk na sama daidai ne amma shiru, ka haɗa kwamfutocin biyu da kebul a jikin rautar. Idan ya yi ta kebul ya ƙi ta Wi-Fi, ka shiga saitin rautar ta adireshin Default Gateway da `ipconfig` ya nuna, ka nemi AP Isolation ko Client Isolation ka kashe. Aikinsa hana na'urorin da ke Wi-Fi ɗaya ganin juna. Hanyar baƙi da ake kira Guest ma haka take, wayoyin ma'aikata da abokan ciniki su zauna can, kwamfutocin aiki su zauna a babbar.

Idan an sa tacewa da lambar MAC, ka kashe Random hardware addresses a saitin Wi-Fi na Windows, in ba haka ba lambar za ta iya canjawa rauta ta ɗauke ta baƙuwa.

Abu na ƙarshe a nan ya shafe mu ƙwarai. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tada janareta, rauta tana sake kunnuwa, tana iya raba adireshi sabo. Sabar da adireshinta ke ƙarewa da 10 jiya ta wayi gari a 14. Ka yi mata DHCP Reservation a rautar don ta zauna a lamba ɗaya. Idan da hali, a sa rautar da sabar a kan UPS.

11. Agogo da ragowar VPN

Idan haɗin cikin shago yana yi, amma manhajar ta ƙi kaiwa sabar intanet tana kukan satifiket, dubi kwanan wata a kusurwar allo. Batirin agogon ya mutu, kwamfutar ta koma shekarun baya. A kwamfutar tebur CR2032 ne, ka canja shi da kanka. A laftof yakan zo a naɗe da 'yar waya, ka je da tsohon kasuwa. Ka kuma duba Proxy a saitin hanya, da `netsh winhttp show proxy`, da duk wani VPN da wani ya ɗora ya manta.

12. Ka koma ka gyara rubutunka

Hanya za ta sake yankewa wata rana, kuma bai kamata tagar ta yi fari don haka ba. Ka sa wa kowane haɗi wa'adi. A Python, `requests` ba shi da wa'adi sai ka sa, zai iya jira har abada, don haka ka rubuta `timeout=5`. A psycopg2 `connect_timeout` ne. Ka fitar da duk aikin hanya daga babban zare: QThread a Qt, `async` da `await` a C#, `threading` tare da `after()` a Tkinter. Kada zaren baya ya taɓa madanni ko tebur kai tsaye, ya aiko da saƙo babban zare ya zana. Karya wannan ƙa'idar ne ke kawo mutuwar manhaja jefi-jefi, wadda ba ta taɓa faruwa a gabanka sai ka bar shagon.

Adireshin saba ya zauna a fayil ɗin saituna, kada ka binne shi a cikin rubutu. Saƙon kuskure ya fito da harshen da kashiya ke ji, da lambar kuskuren a ƙarshe: "Ba a samu kwamfutar ofis ba. A duba ko tana kunne. Lamba 10060." Manhajar ta riƙa rubuta kowane kuskure da lokacinsa a fayil guda da za a iya turo maka ta WhatsApp.

Kafin ka bar shagon, ka kashe komai har rauta, ka sake kunnawa, ka sa yaron kanta ya fitar da rasit ɗaya da hannunsa. Sai ka rubuta adireshin saba, lambar ƙofa, sunan dokar katanga da ranar direban a takarda, ka manna a cikin durowar kanta. Lambobin sirri kuwa a takarda daban, ka damƙa wa mai shagon hannu da hannu.